Koya wa 'Yan Firamare Aikin Jarida da Hoto: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da malamai da iyaye suka fi yi mini tun da na fara zama da yara 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu ina koya musu ba da labari da kyamara. Na amsa su gwargwadon abin da na gani a aji da abin da tarihin sana'ar ya tabbatar.

Me ake nufi da aikin jarida da hoto, kuma me ya raba shi da ɗaukar hoto na yau da kullum?

Mai ɗaukar hoto na yau da kullum yana neman abin da zai yi kyau a ido, don haka yana da damar ya gyara wa mutum zama, ya ce masa ya yi murmushi, ya kawar da duk abin da bai yi masa ba. Ɗan jarida mai ɗaukar hoto kuwa shaida ne. Duk hoton da ya fitar yana ɗauke da alkawari ga mai kallo cewa wannan abu ya faru, a wannan wuri, a wannan lokaci, kuma shi da kansa yana tsaye a wurin. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to dukan sana'ar a kan wannan amincewa ta tsaya, domin mutane suna yarda da hoto fiye da yadda suke yarda da labarin baki. Abin da ake koya wa yaro ke nan tun daga ranar farko: idan mutane za su yarda da kai saboda hotonka, to ya zama wajibi kada ka yaudare su da shi. Sauran abubuwa, irin su haske da tsarin hoto da iya riƙe kyamara, duk masu yi wa wannan alkawari hidima ne.

Yaran firamare ba su yi ƙanƙanta da wannan aiki ba?

Ba su yi ba, kuma akwai shekaru da yawa na gwaji da suka nuna haka. Wendy Ewald, wata mai ɗaukar hoto Ba'amurkiya, ta zauna a yankin duwatsu na jihar Kentucky daga wajen 1975 tana koya wa yaran ƙauye ɗaukar hoton gidajensu da danginsu da dabbobinsu har da mafarkansu. Daga baya, wajen 1990, ta kafa wani shiri a makarantun birnin Durham na jihar North Carolina wanda ya haɗa ɗaukar hoto da koyon rubutu, malamai daga ƙasashe daban-daban suka riƙa ɗaukar tsarin suna amfani da shi. Abin da aikinta ya nuna shi ne yara suna shiga wuraren da babba ba zai iya shiga ba, kuma mutane ba sa ɗaure fuska ko gyara zama a gabansu kamar yadda suke yi wa baƙo mai babbar kyamara.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne bambancin shekaru a cikin firamaren kanta. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai zai iya ɗaukar hoto ɗaya ya faɗi da baki wane ne a ciki da abin da yake yi, kuma wannan ya wadatar. Ɗan shekara tara zai iya rubuta jimla biyu a ƙasan hoto, ya kuma tambayi mutum sunansa. Sai daga shekara goma zuwa sha biyu ne nake sa ran yaro ya jera hotuna biyar su ba da labari ɗaya mai farko da ƙarshe, ya kuma iya kare dalilin da ya sa ya zaɓi wannan hoto ya bar wancan.

Da me ake fara darasin farko?

Ba da kyamara ba. Wannan yana ba mutane mamaki, amma idan aka miƙa wa yara kyamara a ranar farko, za su cika ta da hotunan fuskokinsu da na abokansu kafin a gama bayani, kuma daga nan za su ɗauka cewa darasin ke nan. Ina fara da hoto guda ɗaya babba da na manna a allo, in ce kowa ya yi shiru ya dube shi na minti ɗaya cur, wanda ga yaro lokaci ne mai tsawo ƙwarai. Bayan nan sai tambayoyi uku: me ka gani, me kake zaton yana faruwa, kuma wane abu ne a cikin hoton ya sa ka yi wannan zato? Tambaya ta uku ita ce zuciyar darasin. Yaro zai ce matar da ke cikin hoton tana baƙin ciki, sai in tambaye shi yadda aka yi ya sani, sai ya sake dubawa ya ce ta dafa haɓa da hannu kuma ba ta kallon kowa. A nan ya fara raba abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta ƙara, wanda shi ne horon da manyan 'yan jarida ma suke fama da shi.

Darasi na biyu shi ne tagar kwali. Kowane yaro yana yanke ƙaramar taga mai kusurwa huɗu a tsakiyar kwali, ya rufe ido ɗaya ya leƙa ta cikinta yana zagaya aji ko filin wasa. Nan take zai gane cewa idan ya sa abu ɗaya a cikin taga, to ya bar wani a waje, kuma shi ne ya yanke wannan hukunci. Na taɓa sa yara biyu su leƙa filin wasa ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaya ta ga yarinyar da ke zaune ita kaɗai a gindin bango, ɗayan ya ga cincirindon masu ƙwallo. Da na tambayi ajin wanne ne gaskiyar abin da ke faruwa a filin, sun yi muhawara mai zafi kafin wata ta ce duka biyun gaskiya ne amma kowanne rabi ne.

Wace irin kyamara ake buƙata?

Duk wadda ke aiki. Tsohuwar wayar salula da aka cire wa layi, ko ƙaramar kyamarar dijital mai igiyar ratayawa a hannu, ta isa. Ba sai kowane yaro ya samu tasa ba, hasali ma na fi son yara uku su yi tarayya a kan ɗaya, wani yana ɗauka, wani yana riƙe da littafi yana rubuta sunaye, na uku yana neman izini, sannan su riƙa sauyawa. Abu ɗaya da nake dagewa a kai shi ne ƙayyade adadi: hoto goma kacal ga kowane yaro a kowace fita. Wanda ya san harsashinsa ƙidayayye ne yakan tsaya ya duba kafin ya danna.

Wane ilimin fasaha ne ya dace da shekarunsu?

Abubuwa huɗu sun ishe su har su gama firamare. Na farko shi ne haske: ka san inda rana ko taga take, kada ka sa ta a bayan mutumin da kake ɗauka, in ba haka ba fuskarsa za ta yi duhu. Na biyu shi ne matsowa kusa da ƙafa maimakon jawo hoto da yatsa, domin jawowa a yawancin wayoyi tana rage ingancin hoto, kuma tana koya wa yaro tsayawa daga nesa kamar mai leƙen asiri. Na uku shi ne sauya tsayi, wato ya durƙusa, ko ya kwanta, ko ya hau matakala, ya ga yadda abu ɗaya ke sauya kama. Na huɗu, wanda ya fi wuya, shi ne jira. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ke cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum a 1947, ya shahara da ra'ayin cewa kowane al'amari yana da wani ɗan lokaci da komai yake haɗuwa daidai, kuma aikin mai kyamara shi ne ya kasance a shirye idan lokacin ya zo. Ga yaro, fassarar wannan ita ce kada ka ɗauki mai buga ƙwallo yana tsaye, ka jira ƙafarsa ta haɗu da ƙwallon.

Idan malami yana da sarari, akwai wani darasi da yara ba sa mantawa da shi. A toshe tagogin ɗaki da baƙar takarda har ya yi duhu sosai, a huda ƙaramar kafa ɗaya, a jira idanu su saba, sai a ga surar abin da ke waje ta bayyana a bangon da ke fuskantar kafar, kai a ƙasa ƙafa a sama. Ibnul Haisam, masanin da aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya yi bayanin wannan a nazarinsa kan haske da gani, ɗaruruwan shekaru kafin a samu hanyar kama surar a ajiye ta, abin da bai yiwu ba sai a shekarun 1820 a Faransa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya fahimci cewa kyamara ba sihiri ba ce, ɗaki ne mai duhu da ƙaramar kafa.

Me ya sa ake matsa wa yara kan rubutun da ke ƙasan hoto? Ashe hoto ba ya magana da kansa?

Hoto yana nuna abu, amma ba ya faɗin sunan mutum, ba ya faɗin rana, ba ya faɗin dalili. Hoton da ba shi da bayani kowa na iya ɗora masa labarin da ya ga dama, kuma sau da yawa a ƙaryar da ake yaɗawa da hoto a intanet ba hoton ne na bogi ba, bayanin ne aka sauya, aka ɗauko tsohon hoto daga wata ƙasa aka ce jiya aka ɗauke shi a wata. Saboda haka ƙa'idata ita ce hoton da ba shi da bayani bai kammala ba, ba za a manna shi a allo ba. Bayanin dole ya amsa wane ne, me yake yi, a ina, yaushe, in da hali kuma me ya sa.

Akwai wani labari da nake ba manyan ɗalibai. A 1936 Dorothea Lange ta ɗauki hoton wata mata da 'ya'yanta a sansanin masu aikin gona a Nipomo ta jihar California, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. Hoton ya zama ɗaya daga cikin sanannun hotuna a duniya, amma Lange da kanta ta faɗi cewa ba ta tambayi matar sunanta ba. Sai a ƙarshen shekarun 1970 duniya ta san cewa sunanta Florence Owens Thompson, kuma ta nuna ɓacin ranta da yadda fuskarta ta zagaya duniya ba tare da ta amfana da komai ba. Idan na gama ba da labarin nakan tambayi yara me ya kamata a ce mai hoton ta yi, kuma ba a taɓa samun ajin da ya kasa amsawa ba.

Na ga amfanin wannan ƙa'ida a wurin wata yarinya 'yar shekara tara da ta ɗauki hoton mutumin da ke share harabar makaranta kowace safiya. Hoton ya yi kyau, hasken safiya ya ratsa ƙurar da tsintsiyarsa ta tayar, amma a ƙasa ta rubuta "mai shara" kawai. Na mayar mata da shi na ce ta koma ta tambayo sunansa. Ta yi jim, ta ce kunya take ji, sai abokiyar aikinta ta raka ta. Da suka dawo, ta zo da cikakken sunansa, da shekarun da ya yi yana aikin, da lokacin da yake isowa tun kafin kowa ya zo, kuma ta tambaye shi yadda ake rubuta sunan don kada ta yi kuskure. Ranar baje koli mutumin ya tsaya a gaban hotonsa ya daɗe yana kallo da tsintsiyarsa a hannu. Yarinyar ta yi shekara uku tana wuce shi kullum ba ta san sunansa ba.

Yaro zai iya ce wa mutum ya maimaita abin da ya yi don ya samu hoto mai kyau? Gyaran hoto fa?

A aikin jarida ba zai iya ba, kuma wannan ita ce ƙa'idar da yara suka fi jayayya da ita. Wani yaro ya taɓa kawo mini hoton abokinsa da ya ci gasa yana tsallake igiya, ƙafafu a sama, komai daidai. Da na tambaye shi yadda ya samu, ya ce na farkon bai fito ba, sai ya ce wa abokin ya sake tsallakawa sau huɗu. Ban yi masa faɗa ba, domin bai san laifi ba ne, na dai tambayi ajin ko za mu iya rubuta a ƙasa cewa wannan shi ne tsallen da ya ci gasar. Suka ce a'a. Na ce to me za mu rubuta? Bayan an yi ta kai-kawo suka yarda a rubuta cewa yaron yana nuna wa mai hoto yadda ya yi tsallen bayan an gama gasa. Mafitar ke nan: idan an shirya hoto, kamar hoton mutum da aka ce ya tsaya ya kalli kyamara, babu laifi muddin bayanin ya faɗi haka ƙarara.

Game da gyara, ana yarda a ɗan ƙara haske ko a rage, ana yarda a yanke gefe idan yankan bai sauya ma'ana ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ƙara wani abu ko goge wani abu. Yara suna son jin cewa manya ma an kama su. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalolin Giza na Masar kusa da juna don hoton ya shiga bangonta, abin ya jawo mata suka mai yawa. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta sallami mai ɗaukar hotonta da ke Iraƙi saboda ya haɗa hotuna biyu da ya ɗauka a jere ya mai da su ɗaya. Gasar World Press Photo, wadda aka fara a Amsterdam a 1955, takan nemi ainihin fayil ɗin hoto daga waɗanda suka kai matakin ƙarshe don a duba ko an taɓa shi, kuma takan kori wanda aka samu da laifi komai kyawun hotonsa.

Yaya batun izini da mutuncin waɗanda ake ɗauka?

Izini iri biyu ne, kuma dole a samu dukansu. Na farko na iyaye ne, a rubuce, kafin a fara komai, takardar ta bayyana inda hotunan za su tsaya: cikin aji kawai, ko allon makaranta, ko wata mujalla da za a buga. Iyayen da suka ce ba sa so a ɗauki ɗansu, saboda addini ko tsaro ko wani dalili da ba su faɗa ba, ba a neman su kare kansu, kuma ba a cire yaron daga darasin, sai ya zama mai ɗauka ko marubuci ko edita. Izini na biyu na wanda ke gaban kyamara ne, babba ne ko yaro. Ina koya wa yara su gaisa, su faɗi ko su wane ne, su faɗi abin da za a yi da hoton, su kuma nuna wa mutum hoton bayan an ɗauka. Idan ya ce a goge, a goge a gabansa.

Manyan 'yan jarida ba sa neman izini a kowane hali, musamman idan suna ɗaukar masu mulki ko abin da ya shafi jama'a, kuma yana da kyau manyan ɗalibai su san haka. Amma ga 'yan firamare ƙa'idar a tsaurare take, domin waɗanda suke ɗauka abokansu ne da maƙwabtansu da za su sake haɗuwa da su gobe. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta ba yaro 'yancin faɗin albarkacin bakinsa a sashe na 13, ta kuma kare sirrinsa da mutuncinsa a sashe na 16. Darasin nan yana tsaye ne tsakanin waɗannan biyu, kuma idan suka ci karo, mutuncin wanda aka ɗauka nake fifitawa. Ba a ɗaukar yaro yana kuka, ko ana hukunta shi, ko yana canza kaya, ko a cikin wani hali da zai ji kunya idan ya gani a allo.

Yawancin fitattun hotunan jarida na yaƙi ne da yunwa. Me za a nuna wa ƙananan yara a matsayin misali?

Ba sai an nuna musu gawa ko jini kafin su gane ƙarfin hoto ba. Mafi kyawun misali da na sani shi ne aikin Lewis Hine, wanda shi kansa malamin makaranta ne kafin ya koma ɗaukar hoto. Daga 1908 ya riƙa zagaya Amurka yana ɗaukar yaran da ake sa wa aiki a masaƙu da mahaƙar kwal da gonaki da kan titi suna sayar da jarida. Masu masana'antu ba sa son ganinsa, don haka yakan shiga da sunan wani aiki dabam, yana auna tsayin yara da maɓallan rigarsa, yana rubuta sunayensu da shekarunsu da awannin aikinsu a ɓoye. Hotunansa sun taimaka wajen sauya tunanin jama'a, har aka kai ga dokar tarayya ta 1938 da ta taƙaita aikin yara a ƙasar. Yara suna manne wa waɗannan hotuna saboda tsaransu suke gani, kuma bayanan da Hine ya rubuta darasi ne a kan kansu.

Haka nan hotunan Ruby Bridges, 'yar shekara shida da jami'an tsaron tarayya suka riƙa rakawa makaranta a New Orleans a watan Nuwamban 1960 saboda ita ce baƙar fata ta farko a wannan makaranta. Babu tashin hankali a fili a cikin hoton, ƙaramar yarinya ce da jakarta tsakanin manyan maza, amma tambayoyin da yake jawowa suna cika darasi guda. Hoton da Sam Nzima ya ɗauka a Soweto ta Afirka ta Kudu ranar 16 ga Yunin 1976, na Hector Pieterson ɗan shekara goma sha biyu da aka harbe a zanga-zangar ɗalibai, yana da muhimmanci ƙwarai, har ranar ta zama Ranar Yaran Afirka. Duk da haka ba na nuna shi sai ga 'yan ajin ƙarshe, bayan na sanar da iyaye, kuma nakan ba da labarin da baki tukuna in bar wanda ba ya son gani ya kau da kai.

Wane labari ne yaro zai samu a cikin makaranta?

Labari ya cika makaranta, sabo ne ya sa ba a ganinsa. Yadda ake shirya aji kafin ɗalibai su iso labari ne. Famfon da ya lalace da layin da ake yi a kan wanda ya rage labari ne. Haka ranar farko ta sabon ɗalibi, da shukar da aka dasa ana ɗaukar ta kowane mako, da atisayen 'yan wasa kafin gasa. Ga manyan ɗalibai nakan ba da tsarin hoto biyar: ɗaya daga nesa mai nuna wurin duka, ɗaya na mutumin da labarin ya shafa, ɗaya yana cikin aiki, ɗaya na kusa sosai kamar hannu ko kayan aiki, ɗaya kuma na rufewa.

Wani lokaci yara sukan ɗauko abin da hukumar makaranta ba za ta so a gani ba, kamar rufin da ke yoyo. Ra'ayina shi ne kada a danne irin wannan hoto, domin idan aka koya wa yaro faɗin gaskiya sannan aka ɓoye gaskiyar farko da ya kawo, an rushe darasin gaba ɗaya. Abin da ya dace shi ne a koya masa mataki na gaba na aikin jarida, wato ya je wurin shugaban makaranta cikin ladabi ya tambayi abin da ake yi game da rufin, ya sa amsar a cikin bayanin. Malami ya kamata ya tattauna wannan yiwuwar da shugaban tun kafin a fara shirin.

Za a iya sa hotunan a shafukan sada zumunta?

Shawarata ita ce a bar su a kan takarda da bangon makaranta. Manyan shafuka irin su Facebook da Instagram sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu, wanda ya wuce shekarun yawancin 'yan firamare. Idan makaranta ta yanke shawarar wallafa wasu a shafinta da izinin iyaye, kada a haɗa fuskar yaro da cikakken sunansa da ajinsa, kuma a kashe na'urar nuna wuri a wayar tun kafin a ɗauka, domin wayoyi da yawa suna adana ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin. Yara ba sa fita wajen makaranta ɗaukar hoto sai da babba, kuma kyamarorin suna kwana a hannun malami.

Malamin da bai taɓa koyon ɗaukar hoto ba zai iya koyar da wannan?

Zai iya, domin mafi yawan aikin tambaya ce da sauraro, kuma wannan sana'arsa ce tun asali. Abin da yake buƙata shi ne ya yi kowane aiki da kansa sau ɗaya kafin ya ba yara. Idan aka samu ɗan jarida da zai ziyarci aji, a roƙe shi ya zo da hotunan da ya watsar tare da wanda aka buga, don yara su ga cewa ƙwararre ma yakan ɗauki da yawa kafin ɗaya ya yi.

Ba zai cinye lokacin karatu da rubutu ba?

Shi kansa karatu da rubutu ne. Yaron da ke ƙin rubuta insha'i a kan take da aka ba shi yakan zauna ya yi ta goge jimla yana sakewa idan hotonsa ne za a manna da sunansa a ƙasa. Yana koyon tambaya, da sauraro, da rubuta suna daidai, da jera al'amura bisa tsari. Awa ɗaya a mako na tsawon zango ɗaya ta isa a ga bambanci a yadda yaro yake bayyana abin da ya gani.

Yanzu da kwamfuta ke ƙirƙirar hoton abin da bai taɓa faruwa ba, wannan darasi yana da sauran amfani?

Amfaninsa ƙaruwa ya yi. A watan Maris na 2023 wani hoton Fafaroma Francis sanye da ƙatuwar farar rigar sanyi ya zagaya duniya, mutane da yawa suka yarda da shi, alhali ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi. A wannan shekarar kuma wani Bajamushe mai suna Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar da ya ci a wata babbar gasar hotuna ta duniya, yana mai bayyana cewa abin da ya shigar na'ura ce ta ƙirƙira shi. Yaran da ke firamare yau za su girma cikin irin waɗannan hotuna, kuma koya musu ƙirga yatsun mutanen da ke cikin hoto ko neman kuskure a inuwa don gano na bogi ba zai daɗe yana aiki ba, domin na'urorin suna gyaruwa kullum. Abin da zai ɗore shi ne tambayoyin da suka saba amsawa game da nasu hotunan: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, kuma wa zan iya tambaya? Yaron da aka taɓa mayar wa da hoto saboda babu suna a ƙasa yakan lura da sauri idan ya ga hoton da ba shi da mai shi.

Ta yaya ake auna ƙoƙarinsu, kuma yaya ake kammala shirin?

Ba na ba da maki a kan kyawun hoto, domin hakan yakan fifita wanda ya samu kyamara mafi kyau ko ranar da haske ya yi daɗi. Abin da nake dubawa shi ne ko bayanin ya cika kuma gaskiya ne, ko an nemi izini, ko yaron zai iya faɗin dalilin zaɓinsa, da kuma ko hotonsa na mako na takwas ya nuna ya fi na makon farko natsuwa. Zaɓen hotuna kuwa a tare ake yin sa. Ana shimfiɗa ƙananan kwafi a kan tebur, kowane rukuni ya rage goma zuwa uku, da sharaɗin cewa wanda zai yi magana a kan hoton wani ya fara da abin da ya gani a ciki kafin ya faɗi ra'ayinsa. Yara sukan sha wuya wajen barin hoton da suka wahala a kansa, kuma nakan bar kowa ya ajiye irin wannan a littafinsa ko da bai shiga baje koli ba.

Makon ƙarshe ana buga waɗanda aka zaɓa, a manna su a daidai tsayin idon yara, kowanne da bayaninsa da sunan mai ɗauka. Ana gayyatar iyaye, amma waɗanda ake fara aika wa takardar gayyata su ne mutanen da ke cikin hotunan, kuma yaran da kansu suke kai musu. Kowane yaro yana tsayawa kusa da aikinsa don amsa tambayoyi, bayan an tashi kuma a cire hoton a ba wanda ke cikinsa kwafi ɗaya ya tafi da shi gida.